Sunan da Ya Rage Cikin Farantan Yaya Yohanna

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Yaya Yohanna makwancinsa a bayan Salford, ana yayyafin nan na Manchester da ba ya jiƙa mutum lokaci ɗaya, sai dai ya bi shi a hankali har ƙashi. Duk shekara in ranar ta zagayo 'yan'uwa kan bugo waya su ce, Saratu, a ƙara haƙuri. Na gode musu. Amma bana ba haƙuri na zo nema a wannan shafi ba, suna na zo nema. Sunan mutum ɗaya ne wanda ban taɓa gani da idona ba. Sai na ba ku labarin yayana da wani rami a hamada kafin ku gane abin da ya sa mace mai furfura, mai aikin kula da tsofaffi, ta ƙi sakin maganar.

Mu 'ya'yan mai haƙar kuza ne a Bukuru. Babanmu ya ƙare ƙarfinsa cikin ruwan kududdufi yana wanke ƙasa a ƙwarya. Da ya rasu, Yaya ya je ofishin kamfanin kuza neman wata takarda da za ta nuna babanmu ya taɓa aiki a wurin, aka buɗe littattafai aka duba, ba a sami sunansa ba. Lamba ce kawai, ita ma ba a tabbata tasa ba ce. Yaya yana ɗan sakandare a lokacin, ya dawo gida ya ƙi cin tuwo. Na daɗe ina zaton wannan rana za ta sa ya tsani duk wani abu mai suna haƙa, ashe ita ce za ta tura shi jami'a karatun duwatsu. Yana gamawa wani ƙaramin kamfani ya ɗauke shi ya kai shi can arewa da iyakarmu, cikin hamada, inda ake haƙar wani baƙin ma'adini da ake kira manganis. Leburori suka raɗa wa wurin Tudun Gawayi, don daga nesa sai ka rantse gawayi aka jibge.

Duk wanda ya taɓa cin abinci da Yaya ya ji tarihin tudun nan, ko yana so ko ba ya so. Yakan ce wurin da kake ganin rairayi iya ganinka teku ne a da, tun ba a yi mutum ba, tun ba a yi ko ciyawa ba. Ruwa yana wanko manganis daga duwatsu yana kai shi tekun, shi kuma yana kwanciya a ƙasa sannu-sannu, yadda gasara ke kwanciya a gindin bokiti bayan an tace. Laka ta zo ta rufe, wata ta sake rufewa, nauyi ya danne har ya zama dutse. Daga baya ƙasa ta motsa ta turo shi sama, teku ya janye. Aka yi zamanin ruwan sama mai yawa a wurin, ruwan ya yi ta wanke tudun yana tafiya da duk abin da ke da laushi, ya bar baƙin ya taru a ka ya yi tauri. Da ya gama aikinsa sai ya ɗauke, hamada ta shigo ta zauna. Ni kuwa in tsokane shi in ce, Yaya, Littafi Mai Tsarki fa cewa ya yi cikin kwana shida aka yi duniya. Ya ce kwanan Ubangiji ba irin na shift ɗina a wurin aiki ba ne, in ci abincina.

Tarihin mutane a wurin shi ne ke ɗaga masa murya. Tun kafin kowa ya zo da taswira, mata magina na wata rijiya da ke kusa suna zuwa su fasa baƙin dutsen, su niƙa, su yi zane da shi a jikin tulu. Makiyaya kuma da tudun suke gane hanya. Wani Bature mai auna ƙasa ya ga tulun a kasuwa, ya tambaya, wata tsohuwa ta kai shi har gindin tudun, ya koma ya rubuta cewa shi ya gano. Shekaru da yawa bayan haka kamfani ya zo da diga da shebur da motoci biyu. A fasa, a tsince, a loda, a yi kwana biyu ana kutsawa cikin rairayi kafin a kai tashar jirgin ƙasa, daga nan sai teku, sai masana'antar ƙarfe, don manganis ne ke hana ƙarfe tsagewa. In mun shiga tram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, a Salford, Yaya kan buga ƙafa a ƙasa ya ce wa ya sani ko gumin Agali, ɗaya daga cikin leburorin ramin, na cikin wannan layin. Ma'adinin kuwa ba mai nisa ba ne, kamar faifai yake kwance, kauri a tsakiya, siriri a baki. A shekararsa ta huɗu suka kai bakin, kamfani ya kwashe injinansa ya tafi. Ɗan littafin da suka buga na tarihin wurin ya ambaci Baturen nan da manaja da injiniya, leburori kuwa an haɗa su duka a layi ɗaya ba suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, a nan farantan suka shigo. Masu ilimin duwatsu suna da wata dabara: launin jikin dutse yakan yi ƙarya, amma in ka goga shi a tangaran mara santsi, launin da ya bari shi ne gaskiyarsa. In zanen ya fito baƙi ƙirin, manganis ne mai kyau. In ya yi ja, ƙarfe ne ya yi shigar burtu. Abin gogawar da kamfani ya ba Yaya ya fashe tun a watan farko, sai ya koma amfani da bayan ƙananan farantan shayi na ɗakin cin abinci, irin masu arha da ba a shafe bayansu ba. Mutum goma sha huɗu ne ke shiga ramin. Ya ware wa kowanne faranti. Duk wanda ya fito da dutsen da ya burge Yaya, sai Yayan ya goga shi a bayan farantin mutumin, ya rubuta sunansa da garinsu da fensir a gefen zanen, ya ajiye dutsen. Ranar da aka rufe wurin, kamfani ya karɓe littattafan aikinsa duka, wai kayansu ne. Ba wanda ya tambayi faranti. Ya naɗe su a zanen mamarmu tare da duwatsun, ya kai su Jos, daga baya ya hau jirgi da su zuwa Ingila, ya bar takalmansa masu kyau saboda nauyin kaya.

Ingila ba ta tambaye shi teku ko tudu ba. Takardunsa suka zama kayan ado, ya yi gadi a wurin ajiye kaya, ya yi sharar motocin bas. Bai taɓa aure ba, ni ce danginsa a nan, ni da 'yata Ladi. Yana wajen shekara hamsin da biyar hannunsa ya fara rawa. Likitan unguwa, GP, ya faɗi sunan ciwon, Yaya ya ce ya ji, amma shi ya san ƙurar ramin ce ta biyo shi, don ya bar mutum uku cikin goma sha huɗun nan hannunsu na rawa haka tun suna samari. Daga nan farantan suka zama masa shaida. Burinsa ya rubuta tarihin Tudun Gawayi da sunan kowa, ya aika jami'a, ya aika duk inda za a ajiye, don kada a yi musu abin da aka yi wa babanmu. Sai dai hannun ya riga ya ƙi riƙe alƙalami. Ya yi ta ce mini, Saratu, zo ki kwafe mini sunayen nan a takarda. Ni kuma in ce Asabar mai zuwa, Yaya.

Ba zan ɓuya a bayan gwamnati ba, amma ba zan wanke ta ba. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, aka rage ma'aikata a gidan tsofaffin da nake aiki, aikin mutum uku ya dawo kan biyu, Asabar ta daina zama tawa. Shi kansa Yaya an kira shi wani ofishi a tantance ko zai iya aiki, aka ce ya ɗaga kofi, ya ɗaga da hannu biyu, aka rubuta lafiyarsa ƙalau. Dutsen da ke cikin ruwa bai san ana rana ba. Abu ɗaya da ya rage masa shi ne laburaren unguwa, inda ma'aikaciyar wurin ta ba shi tebur duk safiyar Asabar. Yakan kai duwatsun, ya miƙa wa kowane yaro guda, ya ce kafin ka duba shi, gai da wanda ya haƙo shi. Sai ka ji yaran Ingila da na Somaliya da namu suna cewa sannu da aiki, Agali, sannu da aiki, Sumana, da harshensu na Manchester. Ladi tana cikinsu. Da council, wato hukumar gari, ya ce za a rufe laburaren, Yaya ya tsaya a ƙofa da kwalin zanga-zanga a hannu, kwalin na kaɗawa saboda rawar hannun, bai fasa ba har aka sa kwaɗo. Bai cika shekara bayan haka ba ya rasu.

Kun san yadda muke zaman makoki. Mai rashi tana zaune a tabarma, ba ta shiga kicin, ba a tambayarta ina gishiri ina cokali, don rashin kunya ne a dame ta da irin wannan. Matan zumunta na cocinmu suka karɓi flat ɗin da Yaya ke haya gaba ɗaya, Allah ya saka musu. Mutane suka zo daga Birmingham da Leeds, falo ya cika har matakala, farantai suka ƙare. A kwana na biyu da rana aka miƙo mini cincin a wani ƙaramin faranti mai bakin shuɗi. Na san shi tun kafin ya iso hannuna. Na juya shi, cincin ya zube a cinyata. Bayansa fari fat, kamar yau aka saye shi.

Mama Hannatu, shugabar matan, ta sunkuyo tana murmushin wanda ya yi abin kirki. Ta ce, “'Yata, ai maza ba su iya tsabta ba. A kwali muka same su, duk sun yi baƙi. Sai da muka sa bilic da soson ƙarfe kafin ya fita.”

Goma sha huɗun duka. Me zan ce wa matar da ta bar aikinta ta tsaya a kicin tun safe saboda ni? Garin gyaran gira an rasa ido, amma ba ita ta rasa shi ba. Ladabi ne ya hana ta tambaya, tsabta ce ta sa ta wanke, kuma ni ce na yi shekara biyu ina cewa Asabar mai zuwa. Na yi kuka a ranar wanda mutane suka ɗauka na mutuwa ne. Kukan kunya ne da haushin kaina.

Bayan jana'iza takarda ta zo cewa a kwashe kaya a mayar da makullin flat cikin 'yan makonni. Wani ɗan'uwanmu ya ce a zuba duwatsun a kwandon shara, dutse dai dutse ne, wanda ya tafi ya tafi. Wata ta ce in bar wa Allah, ai Shi ya san sunayensu. Na ce tabbas ya sani, Shi ne ma ya sa aka cika Littafi da wane ya haifi wane, shafi bayan shafi, ba a tsallake kowa ba. In suna ba komai ba ne, me ya sa muke tashi tsaye a karanta mana su? Na loda kwalin a tasi na kai gidana, na ajiye shi a kan teburin cin abinci inda ba zan iya kauce masa ba.

Zuwa da kai ya fi aike. Na hau bas zuwa Birmingham, na nemi Alhaji Isaka a Erdington. Mutumin Ghana ne, Bahaushen zango, shi ne direban ɗaya daga cikin motocin ramin, kuma ikon Allah ya sake haɗa su da Yaya a wata jana'iza a Ingila bayan shekara ashirin. Tun daga nan suke abota, wannan da tasbaha, wancan da Littafi, suna musun wa ya fi iya shayin Buzaye. Na zube masa duwatsun a kan darduma na faɗa masa abin da ya faru. Bai ce mini a yi haƙuri ba, shi ya sa nake ganin girmansa har yau. Ya rufe ido ya ce in bar shi ya loda motarsa. Ashe kowa yana da wurin zamansa a bayan motar in za a tafi rami da safe. Ya fara daga bayan direba yana bi da yatsa a iska: Agali, Sumana, Mamman Gajere, Bube mai shayi, haka har tara. A na goma ya tsaya. Ya ce yana ganin fuskokinsu, amma bakinsa ya ƙi kawo su.

Sauran huɗu daga bakin Ladi suka fito, ita da ko gaisuwar Hausa sai an yi faɗa take yi. Bayan na dawo gida da kwalin, wata rana na tarar da ita tana juya duwatsun, ta ɗauki wani mai walƙiya ta ce, ba tare da ta yi tunani ba, sannu da aiki, Ilyasu. Na ce tsaya, sake ɗaukar wani. Muka zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya, na buga wa Alhaji waya, duk sunan da ta kira sai ya ce shi ne, wallahi shi ne, yana zama kusa da tayar sifiya. Laburaren da aka ce ba shi da amfani, ga amfaninsa a kan teburina. Goma sha uku ke nan. Na sake goga kowane dutse a bayan faranti yadda na ga Yaya na yi, na rubuta suna da fensir, sannan na kwafe a takarda kashi biyar na rarraba, don an cije ni sau ɗaya. Na san wataƙila na haɗa dutsen wani da sunan wani, kuma da Yaya na nan da ya yi mini faɗa. Amma rami ɗaya suka shiga, ƙura ɗaya suka shaƙa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Laburaren nan har yanzu a rufe yake, an lika katako a tagoginsa, kuma zauren cocinmu ya zama wurin rabon abinci ga mutanen da suke da aiki amma ba su da abin dafawa. Ladi tana jami'a, tana zaune a Fallowfield da ƙawayenta, karatun jinya take yi, ba na duwatsu ba, kuma na san da ya yi mita kwana biyu ya haƙura. Ita ce ta ce mini yanzu duniya ta sake waiwayar manganis saboda batiran motocin lantarki, har ana maganar komawa tsofaffin ramukan da aka bari. Ina jin da ya ji wannan da ya yi dariyar nan tasa ta hanci, ya ce teku ya yi aikinsa, ruwan sama ya yi nasa, yanzu saura a nemo wasu goma sha huɗun a ba su lamba. Ba zai ce kada a haƙa ba, shi mai son rami ne. Zai tambaya ne wa zai shiga, me za a ɗaura masa a hanci, kuma a ina za a rubuta sunansa.

An ba ni shawara iri-iri kan faranti na goma sha huɗu. Fasto ya ce in rubuta sunan Yaya a kai, ai shi ma ƙurar ta ci shi, sai lissafi ya cika. Magana ce mai daɗi, amma Yaya bai haƙo wannan dutsen ba, kuma mutumin da ya ƙi cin tuwo saboda an share sunan ubansa ba zai yarda a sa nasa a gurbin wani ba. Wata ta ce in sa kowane suna, Musa ko Abdu, wa zai sani? Ni zan sani. Abin da Yaya ya bar mini ba gida ba ne, ba fili ba ne, wannan taurin kan ne, kuma na karɓi gadon hannu biyu.

Alhaji Isaka ya rasu bara, Allah ya ji ƙansa. Kafin ya kwanta ciwo na koma Erdington sau huɗu, duk zuwa ya sake loda motarsa, duk zuwa ya tsaya a wuri ɗaya, can ƙarshe ta hagu inda ƙura ta fi yawa. Ga abin da ya iya ba ni. Mutumin dogo ne, bahago ne, daga wajen Tawa yake. Ba ya shan shayi da sukari. Yana cikin ukun da hannunsu ya fara rawa. Dutsensa fari ne da baƙin zane a jiki kamar reshen itace, wanda yara kan ɗauka ganye ne ya daskare, alhali manganis ne ya bi tsagar dutsen ya bazu. Kuma a shekarar da aka rufe ramin an haifa masa 'ya, ya raba dabino a bayan mota, ya ce an sa mata Tsahara.

Tsahara, in kina raye kin zama babbar mace yanzu, wataƙila da 'ya'yanki. Ko wannan shafi ya iso hannunki, ko wani ya karanta miki, ko wani da ya san ki ya gani. Ba na neman komai a wurinki, ba takarda, ba shaida. Mahaifinki ya shiga rami ya fito da dutsen da yayana ya ɗauka ya haye teku da shi, yaran Salford sun gaishe shi da sunansa duk Asabar, kuma a gidanmu aka wanke sunan. Farantinsa yana kan teburina, na goga dutsensa a bayansa zane ya fito, na fiƙe fensir na ajiye a gefe. Masu wannan jarida sun san inda nake. Ki faɗa mini sunan babanki.